Batir Ɗaya Tsakaninmu da Ladan

Idan na tuna shekarun da na yi aiki a Tudun Wada, gajiya ce take fara zuwa mini. Irin wadda take zama a kafaɗa da ƙugu bayan an wuni a bayan babur, jakar kwamfuta a goye kamar jariri, gefen hijabi ya sha jar ƙasa.

Kamfanin da na yi wa aiki ƙarami ne, babban ofishinsa yana Kano. Ya kafa eriyoyi a ƙauyukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, a wuraren da sabis ɗin waya ba ya kaiwa sosai. A kowane wuri akwai farantin sola, da batir, da wani ɗan farin akwati mai rarraba intanet da muke ce wa rauta. Ni aka ba kula da su. Ofishina ɗaki ɗaya ne a bayan wani shagon taki, da tebur, da fanka mai kukan tsufa, da tagar da take kallon gonar masara.

Da farko komai da hannu nake yi. In za a sauya kalmar sirri, sai na shiga rautocin ɗaya bayan ɗaya daga kwamfutata, in buga umarni iri ɗaya a kowacce har yatsuna su riƙa yi ba tare da ni ba. In wata ta ɗauke, ba na sani sai an kira. Wani lokaci ma ba a kira, sai ranar kasuwa wani ya leƙo ya ce, "Malama, abin nan naku fa ya mutu tun makon jiya." Sai in nemi ɗan acaɓa mu kama hanya. Sau da yawa abin da ya kai ni bai wuce in kashe in kunna ba.

A makaranta na fi son waƙa da kowane darasi, kuma har yanzu ina ganin rubuta umarni ga na'ura ɗan'uwan rubuta baiti ne: layi gajere, kowace kalma da mazauninta, in ka ƙara waƙafi inda bai dace ba komai ya rushe. Don haka da gajiyar ta ishe ni, sai na zauna na rubuta 'yar manhaja. Aikinta ba shi da yawa. Lokaci-lokaci takan ƙwanƙwasa wa kowace rauta ta ji ko tana nan. Wadda ta amsa ta nuna ta da kore a fuskar kwamfutata, wadda ta yi shiru ta nuna ta da ja. Takan ɗauki kwafin saitin kowacce ta ajiye, domin in wata ta ƙone a ɗora wa sabuwa. In akwai abin da za a sauya, sau ɗaya zan rubuta, ita ta kai wa kowa. A ƙarshen wata kuma ta haɗa rahoto ta aika Kano, ta faɗi wadda ta ɗauke da yawan ɗaukewarta.

Ranar da ta fara aiki na jingina da kujera ina kallon korayen ɗigo a jere, kamar shuka ta fito bayan ruwan farko. Na yi zaton na huta ke nan.

Akwai wani ƙauye a gefen Ɗansoshiya da ɗigonsa ba ya zama. Kullum sai ya yi ja, ya koma kore, ya sake yin ja. Wani lokaci ɗaukewar ba ta kai a sha ruwa a ajiye kofi ba, wani lokaci sai ta ci rabin yini. Na duba saitin rautar daga nesa ban ga aibu ba. Na sake ɗora mata wanda na ajiye, ba ta daina ba.

Rahoton wata na biyu yana isa Kano, Oga ya kira ni. Shi ne shugaban sashenmu, mutum mai saurin magana, ba mugu ba ne, amma kullum kamar yana tsaye a bakin mota.

"Malama, wannan ta Ɗansoshiya za mu cire ta. Akwai makaranta a Doguwa da suke ta jiran kaya."

"Yallaɓai, akwai ɗakin shan magani a garin. Da ita suke amfani."

"Suna amfani da abin da ba ya aiki? Ba ni na faɗa ba fa, manhajarki ce ta faɗa. Masu ba mu tallafi wannan rahoton suke karantawa."

"A ba ni lokaci in gano."

"Zuwa rahoton gaba. In ya fito haka, sai dai haƙuri."

Na san mai kula da ɗakin shan maganin. Mace ce babba, ma'aikaciyar lafiya, kowa Anti yake ce mata, ita kaɗai ce a wurin. Ranar da muka kafa eriyar ta nuna mini wata tsamiya a bayan gari, ta ce kafin zuwanmu can take zuwa ta ɗaga waya sama tana neman sabis in haihuwa ta zo da gardama, ta bar mai naƙuda da tsofaffi. Da rautar, daga bakin gadon take kiran likita a Tudun Wada, ta nuna masa abin da take gani, ya ce mata a taho ko a dakata. In aka cire akwatin nan, tsamiya za ta koma.

Na yi kwanaki ina kallon lokutan ɗaukewar. Akwai ta sassafe kafin rana ta fito, akwai ta faɗuwar rana, akwai wata bayanta kaɗan. Na ce ko batir ne yake kasawa in rana ta tafi, amma batirin da ya kasa ba ya farfaɗowa cikin duhu. Kuma lokutan ba sa tsayawa wuri ɗaya, suna matsawa a hankali daga mako zuwa mako, kamar wani yana jan su da zare.

Wata yamma na makara a ofis. Masara a waje ta fara duhu, mai shagon taki yana jan ƙofarsa. Sai ladanin unguwarmu ya ɗaga murya, ina cikin amsawa a zuciyata idona ya kai kan kwamfuta, na ga ɗigon ya koma ja. Na zuba masa ido har aka idar da kiran. Jim kaɗan ya dawo kore.

Washegari na hau babur. Damina ta yi nisa, daga Kwanar Dangora zuwa ciki hanyar duk taɓo ce, sau biyu na sauka na taka da ƙafa ina riƙe da takalmi a hannu.

Rautar garin ba a ɗakin shan magani take ba. Tun farko mutanen garin suka ce a sa ta a masallaci, domin sandar lasifikarsa ta fi komai tsawo, kuma babu ɓarawon da zai taɓa kayan da ke hannun Malam. Malam tsoho ne, shi ne ladan, shi ne kuma mai karantar da yaran garin a zaurensa da ke manne da masallacin. Na same shi a kan buzu yana gyara alƙalami. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam, barka da hantsi."

"A'a, Injiniya ce? Barka kadai, 'yata. Yaya hanya? Na ga ƙafar taki ta ba da labari."

Muka gaisa har gida da damina. Sannan na nemi izinin duba kayan. Ya miƙa mini mabuɗin ɗan ɗakin da ke bayan mumbari.

Batirin kamfaninmu yana gefe, ya kumbura, an ɗora masa buta. Wayar rautar kuma an ja ta an haɗa da batirin masallaci, wanda amfilifayar lasifika take ci. Farantan sola biyu, namu da nasu, duk a kansa suke zuba. An yi haɗin da kyau, har da ɗan filogi a tsakani, kuma filogin ya yi sulɓi saboda yawan kamawa.

"Naku ya mutu tun kafin azumi," in ji Malam daga bayana. "Muka ce maimakon a yi ta aike Kano, ga batir a ɗaki. Mai gyaran rediyo ya haɗa mana."

"Malam, ku ne kuke cire wannan filogin?"

"Ni ne mana. In zan kira salla. Da rana ba na taɓawa, rana tana ciyar da su duka biyun. Amma da asuba da magariba da lisha, in na bar ta, murya ba ta kai bakin rafi. Akwai Fulani a can da kirana suke tashi."

"Wani lokaci kuma takan daɗe ba ta dawo ba."

Ya yi 'yar dariya. "Wannan tsufa ne. In na fito da asuba yara suka kewaye ni, sai azahar nake tuna ban mayar wa baƙuwar taku filoginta ba."

Na gaya masa abin da Oga ya ce. Ya saurara yana juya alƙalamin a hannunsa.

"To, 'yata, ni ban ƙi baƙuwar nan ba. Jikata a hannun Anti ta haihu. Amma masallaci ya riga ta zuwa, batirin ma jama'a suka saya domin kiran salla. Ba zan tsaya ina kira ana jin kamar daga cikin rijiya ba. Ku kawo mata nata."

Na fita na hau tudun bayan masallaci na kira Oga ta rautar da ake shirin cirewa. Ya ce babu batir a sito, sai an shigo da kaya, kuma bai san yaushe ba.

"Ki cire ta daga cikin rahoton mana, in kin damu haka," ya ce, da muryar da ban gane ko wasa yake ba.

Layi ɗaya ne, da na goge shi an wuce wurin. Amma in na cire ta daga idon manhajar, ranar da za ta mutu da gaske ba wanda zai sani, Anti za ta ɗaga waya a tsakiyar naƙuda ta tarar babu komai. Na ce masa zan nemi wata hanya.

Na kwana biyu a ɗakin Anti. Ita ta fara yi mini tsiya.

"Ke da aka ce kin sa inji yana yi miki aiki kina zaune a fanka, me ya dawo da ke cin tuwon dawarmu?"

"Injin ne ya kai ƙararku, Anti."

"Munafuki. Mu muna lallaɓa shi, shi yana can yana kai gulma Kano."

Abin da na fara tunani shi ne in ba rautar jadawalin lokutan salla, ta riƙa kashe eriyoyinta da kanta kafin kira. Na kai wa Malam wannan shawara, ya girgiza kai. Shi ba da agogo yake kira ba. Da asuba gabas yake kallo, da magariba yakan tsaya har jan rana ya kwanta a bayan ɗorawar gonar liman. Ranar hadari yakan jinkirta. Na tambaye shi ko zai yarda ya bi jadawali, ya ce mahaifinsa bai bi ba, kuma ba a taɓa cewa garin ya yi salla kafin lokaci ba. Ban ƙara magana a kai ba.

Da la'asar ina zaune a ɗan ɗakin, kwamfuta a cinya, sauro yana cin ƙafata, na lura da wani abu. Rautar tana iya faɗin ƙarfin wutar da ke shigo mata. Na roƙi Malam ya kunna amfilifaya ba tare da ya yi magana ba. Yana kunnawa, lambar ta faɗo. Ya kashe, ta hau.

Sai na rubuta wata 'yar manhajar, wannan karon a cikin rautar kanta za ta zauna. In ta ga wuta ta faɗo, ta fara aika wa ofis saƙo cewa ba mutuwa ta yi ba, ja gefe ta yi. Sannan ta kashe eriyoyinta, ta jira gwargwadon kiran salla, ta kunna su da kanta. Wannan na ƙarshen shi na fi dubawa, domin duk mai wannan aiki ya san in ka umarci na'ura daga nesa ta rufe hanyar da kake shiga, ba ka kuma gaya mata yaushe za ta buɗe ba, sai ka hau babur. Na ƙara mata abu ɗaya: bayan lisha ta kashe eriyar da ke kallon kasuwa, ta bar ta ɗakin shan magani kaɗai, domin batirin ya kai asuba da sauran ƙarfi. Manhajar ofis kuma na koya mata launi na uku. In saƙon jan gefe ya zo, ɗigon ya zama ruwan ɗorawa, kada a lissafa shi cikin ɗaukewa.

Da magariba Malam ya shigo, hannunsa ya nufi filogin kamar kullum.

"Allah gafarta Malam, yau ɗaya a bar shi."

"In murya ta shaƙe fa?"

"In ta shaƙe ni da kaina zan cire, ba zan ƙara roƙo ba."

Ya dube ni, ya dubi akwatin. "Kin ce ita za ta matsa da kanta?"

"In sha Allahu."

"To, mu ga tarbiyyar da kika yi mata."

Ya kunna amfilifaya. Fitilun rautar suka mutu ɗaya bayan ɗaya, saura guda. Na fita na tsaya a bayan katanga inda mata suke wucewa. Muryarsa ta tashi a kan rufin kwano da na ciyawa, ta bi ta kan dawa, tsohuwar murya mai ɗan rawa a ƙarshen kowane layi. Ban san ko ta kai bakin rafi ba. Bayan salla ya aika a tambayo, aka dawo aka ce Fulanin sun ji. Da lisha kuwa bai taɓa filogin ba.

Na koma Tudun Wada ina ganin an gama. Kwana kaɗan aka tashi da hadari mai nauyi, rana ba ta leƙo ba, sai ga ɗigon ya zama ruwan ɗorawa tun hantsi, yana dawowa kore yana komawa. Wayata ta yi ƙara. Anti ce, muryarta tana yankewa, iska tana bugun wayar.

"Kin san daga ina nake kiranki? Daga gindin tsamiya! Abar taki tun safe take ja gefe. Salla nawa ake yi a garinku?"

Batirin ne bai samu rana ba, wutarsa ta yi ƙasa, rautar kuma ta ɗauka kira ake yi. Na jira ta farka, na shiga da sauri kafin ta sake kwanciya, na gyara. Maimakon ta duba ko wuta ta yi ƙasa, sai ta duba ko ta faɗo farat ɗaya. Hadari a hankali yake cin batir, amfilifaya kuwa fizga take yi. Na ƙara gwadawa, na ƙara gyarawa, kusan mako ina wannan, ina cin abinci a gaban kwamfuta. Filogin kuma na roƙi Anti ta naɗe shi da salatif, ba don hana Malam ba, don hannunsa ya tuna.

Rahoton ya tafi Kano a ƙarshen wata. Na rubuta wa Oga bayanin launi na ukun da abin da yake nufi, ban ɓoye komai ba. Ya kira yana dariya.

"Wato yanzu rautar ma salla take tsayawa?"

"Wuri take bayarwa, Yallaɓai."

"To. Makarantar Doguwa sai su ƙara jira. Amma in masu tallafi suka tambayi wannan ruwan ɗorawar, ke za ki yi bayani."

Ba su tambaya ba. Batirin ma bai zo ba har na bar aikin.

Bayan haka ban sake samun dalilin zuwa garin ba. Abin da na rubuta manhajar dominsa ke nan, in daina hawa babur, kuma na daina. Sauran rautocin suka ci gaba da kawo nasu: tsawa ta ƙona ta Bebeji, ɓera ya ci wayar wata a Kiru. Ita kuwa ta gefen Ɗansoshiya sai ta zama abokiyar zamana. In magariba ta same ni a ofis, ladaninmu yakan gama kira, in zauna ina jira, sai can ɗigon ya sauya launi. Nakan ce a raina yanzu jan ya kwanta a bayan ɗorawa. Ranar da ya jinkirta sosai na san akwai hadari a can, ko da sama tana fili a Tudun Wada.

A damina ta gaba na lura jinkirin ya ɓace. Ɗigon yana sauyawa daidai da ladaninmu, ko da hadari ko babu. Na bar shi kwanaki ban tambaya ba. Daga baya na kira Anti, ta ɗauka daga cikin ɗakinta, ina jin kukan jariri a kusa da ita. Ta ce Malam yana nan da rai, ƙafa ce ta hana shi fita, ɗan ƙaninsa ne yake kira yanzu, shi kuma da agogon waya yake aiki.

"Ya tambaye ki kuwa," ta ce. "Ya ce a gaya wa Injiniya baƙuwarta ba ta taɓa yi masa rashin kunya ba."

Na ce ta gaishe shi, zan zo in hanya ta bushe. Ta ce to, sai ta gan ni. Na ajiye wayar, na jawo kwamfuta, domin wata rauta a Doguwa ta yi ja tun azahar kuma ba ta aiko da wani saƙo ba.